Superman, Batman, X-Men ko Spider-Man: Wanne Za Ka Fara Kunnawa?

Wanda ya san jaruman nan ta hanyar finafinan Avengers yakan ɗauka cewa harkar ta soma ne a 2008, shekarar da Iron Man ya fito. Alhali shekara 30 cif kafin nan an riga an sa mutum ya tashi sama a majigi, kuma daga 1978 zuwa 2004 an yi finafinai da dama da aka ɗauko daga littattafan labarai masu zane na Amurka, waɗanda ake kira komik. Wasunsu har gobe suna da daɗin kallo. Wasu kuwa asarar data ce kawai da ɓata dare.

Huɗu ne suke takara ta gaske: Superman na 1978, Batman na 1989, X-Men na 2000, sai Spider-Man na 2002 tare da kashi na biyunsa na 2004. Akwai Blade na 1998 a gefe, za mu zo kansa. Abu ɗaya da suka haɗu a kai shi ne kowannensu yana tsaye da ƙafarsa. Ba sai ka kalli finafinai ashirin kafin ka gane wane ne wane ba. Dalili kuwa na kasuwanci ne. Superman da Batman na kamfanin DC ne, Warner Bros. ce ta fitar da su. Shi kuwa kamfanin Marvel ya shiga matsin kuɗi har ya kai ƙarar kansa kotu kan fatara a ƙarshen 1996, kuma haƙƙin yin fim da jarumansa ya watsu a hannun kamfanoni: X-Men a hannun Fox, Spider-Man a hannun Sony, Blade a hannun New Line. Ba mai ikon aron jarumin wani, saboda haka dole kowane darakta ya fara labarinsa ya kuma ƙare shi a cikin awa biyu.

Mu fara da babban wa. Superman ya fara bayyana a takarda a 1938, daga alƙalamin Jerry Siegel da Joe Shuster, amma sai bayan shekara 40 aka zuba masa kuɗi na haƙiƙa. Furodusoshin, Alexander Salkind da ɗansa Ilya, sun kashe kimanin dala miliyan 55, wanda a lokacin babu fim ɗin da ya ci haka. Marlon Brando kaɗai ya karɓi dala miliyan 3.7 ban da kaso daga cinikin, kuma fitowarsa a matsayin mahaifin jarumin ba ta kai minti 20 ba. Sunansa da na Gene Hackman aka sa a gaba don su jawo 'yan kallo. Shi kuwa wanda zai sa rigar, Christopher Reeve, ba a san shi ba, shekararsa 26 lokacin da fim ɗin ya fito.

To amma shi ne fim ɗin. Akwai wata fitowa a gidan 'yar jarida Lois Lane da ta isa hujja. Superman ya gama hira da ita ya tashi, sai ga Clark Kent, wato shi ɗin ne dai a shigarsa ta ɗan jarida, ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai ya zo su fita cin abinci. Ta shiga ciki ɗauko kaya. Yana tsaye shi kaɗai, a rusune, kafaɗu a zube, tabarau na zamowa a hanci. Sai ya cire tabarau ɗin, ya miƙe ƙashin bayansa, kana kallo mutum ya ƙara tsawo, fuskar ta sauya, murya ta yi kauri, ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai zuciyarsa ta karaya, ya mayar da tabarau, ya sake lanƙwashewa, muryar ta koma siririya. Babu kwamfuta, babu yankan hoto, jiki ne kawai da murya. Duk mai yi wa Superman dariya cewa yaya za a ce tabarau kaɗai ya ɓoye mutum, ya kalli wannan wurin.

Sai dai fim ne mai buƙatar haƙuri. Tsawonsa minti 143, kuma darakta Richard Donner bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Za ka fara da duniyar Krypton da rushewarta, sannan ƙauyen Smallville da gonakin alkama (a Alberta ta Kanada aka ɗauke su), sannan mutuwar mutumin da ya rene shi, wanda zuciyarsa ta buga a tsakar gida, yaron da ke iya tsere wa jirgin ƙasa yana tsaye bai iya yin komai ba. Sai ka haura awa guda kafin Superman ya yi aikin ceto na farko a birni, wato inda jirgi mai saukar ungulu ya maƙale a bakin rufin ginin jaridar Daily Planet, Lois na reto a jikinsa. Wanda ya saba da fim mai fara duka tun minti na biyar zai ƙosa. Ni dai ina ganin wannan awa ta farko ita ce mafi kyau a fim ɗin, kuma kiɗan John Williams yana riƙe da kai ko da ba a cewa komai.

Inda ya yi rauni shi ne bos. Lex Luthor na Gene Hackman ɗan damfarar filaye ne mai ban dariya, yana zaune a ƙarƙashin ƙasa da wani wawan yaronsa Otis. Dabararsa ita ce ya saye hamadar da ba mai so, sannan ya harba makamin nukiliya a tsagin ƙasa na San Andreas domin gaɓar Kalifoniya ta nutse a teku, filayensa su zama bakin ruwa masu tsada. Dabara ce ta mugunta, amma yadda aka yi ta da raha ba ta sa gabanka ya faɗi. Ga kuma ƙarshen, inda Superman ya yi ta zagaya duniya da gudu har lokaci ya koma baya don ya ceto Lois. Ko a 1978 mutane sun yi gunaguni a kai, domin in har yana iya haka, me ya rage da zai ba shi tsoro?

Shekara 11 bayan haka Batman ya zo da akasin duk wannan. A idon yawancin Amurkawa na lokacin, Batman abin dariya ne, saboda shirin talabijin na 1966 wanda Adam West ya fito a ciki da riga mai kama da kayan barci. Amma a takarda an riga an mayar da shi cikin duhu, musamman da littafin Frank Miller na 1986, The Dark Knight Returns. Da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka sani da wasan barkwanci, shi zai sa rigar, masoya komik suka aika wa Warner wasiƙun ƙorafi kusan 50,000. Fim ɗin ya fito ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya, bakin kowa ya mutu.

Abin da darakta Tim Burton ya sayar shi ne gari. An gina titunan Gotham, birnin Batman, da hannu a harabar Pinewood da ke Ingila, wurin da aka ɗauki yawancin Superman ma, kuma Anton Furst da ya tsara su ya samu kyautar Oscar. Dogayen gine-gine baƙaƙe masu tokare sama, bututun ƙarfe ko'ina, hayaƙi na fita daga ƙasa, mutane da hulunan malafa irin na shekarun 1940 amma ga talabijin mai launi. Ba za ka iya cewa ga shekarar da ake ciki ba, shi ya sa bai tsufa ba kamar sauran. Motar Batman ta wannan fim, doguwa mai bakin injin jirgi a gaba, har yau da wuya a nuna wadda ta fi ta kwarjini.

Jack Nicholson a matsayin Joker kuwa ya zama baƙon da ya zo biki ya fi ango ado. Sunansa ne a gaba da na Keaton, kuma kusan duk fitowar da za ka tuna tasa ce: faɗawarsa cikin tukunyar sinadari a masana'antar Axis, zamansa a gaban wani likitan bayan fage ana kwance masa bandeji ya nemi madubi ya fashe da dariya, shigarsa gidan adana zane-zane da yaransa suna shafa wa hotuna fenti ana kiɗan Prince, da faretin da ya yi yana watsa wa jama'a kuɗi alhali balan-balan ɗin da ke samansu cike suke da iskar guba. Keaton kuma shiru-shiru ne, kamar mutumin da hankalinsa ke wani wuri, kuma hakan ya dace da wanda ya ga an kashe iyayensa yana yaro. Rigar robar da aka ɗinka masa ba ta barin wuya ya juya, sai dai ya juyo da duk jikinsa. Wannan ya ba shi wani irin kwarjini, amma ya kashe faɗan. In duka da tsalle kake nema, Batman na 1989 ba zai ƙosar da kai ba.

Labarinsa ma sako-sako ne. Soyayyar Bruce Wayne, wato Batman in ya cire riga, da 'yar jarida Vicki Vale ba ta da gishiri, kuma akwai wurin da dattijon hadiminsa Alfred ya shigo da ita har cikin kogon sirri ba tare da an nemi izinin maigidan ba, abin da har yau masoya Batman ba su yafe ba. Haka nan fim ɗin ya ce Joker ne ya kashe iyayen Bruce, alhali a littafi wani ɗan fashi ne mai suna Joe Chill. Kuma Batman ɗin nan yana kisa, ya tayar da masana'anta guda da mutane a ciki ko a jikinsa.

Ga wata magana da masu sharhi na Turai ba za su gaya maka ba, domin su a majigi suka gani: in a waya za ka kalla, Batman zai wahalar da kai. Kusan duka da dare aka yi shi, baƙi a kan baƙi. A ƙaramin allo, musamman in an matse fim ɗin don ya rage cin data, rabin abin da Anton Furst ya gina zai zama duhu kawai, ka ga kunnuwa biyu suna motsi. Superman da Spider-Man da rana tsaka aka yi yawancinsu, ja da shuɗi suna haske, ko a tsohuwar waya za su fito. In babu talabijin mai kyau da ɗaki mai duhu, a ajiye Batman sai an samu.

X-Men na 2000 shi ne mafi gajarta, minti 104, kuma shi ya fi sauran abin tattaunawa bayan an gama kallo. Bai fara da jarumi ba. Ya fara ne a sansanin 'yan Nazi a Poland a 1944, ana ruwan sama, sojoji suna raba wani yaro Bayahude da iyayensa, yaron ya miƙa hannu yana kuka sai ƙofar ƙarfe ta fara lanƙwashewa. Yaron nan shi ne zai zama Magneto. Daga nan sai majalisar dattawan Amurka, inda wani Sanata Kelly ke neman a kafa doka ta tilasta wa duk wanda aka haifa da wata baiwa ta daban ya yi rajista da gwamnati. Ka ga ke nan tun kafin a yi naushi ɗaya an gaya maka dalilin bos, kuma dalilin nasa ba na banza ba ne: ya taɓa ganin inda rajistar mutane take kaiwa.

Rigimar fim ɗin tsakanin tsofaffin aminai biyu ce. Farfesa Xavier, wanda Patrick Stewart ya fito a matsayinsa, yana ganin za a iya zama lafiya da sauran mutane in an yi haƙuri. Magneto na Ian McKellen yana ganin haƙuri shi ne hanyar kabari. An sha kwatanta su da Martin Luther King da Malcolm X, ko da yake kwatancen bai zauna daidai ta kowace fuska ba. Duk inda dattawan nan biyu suka haɗu, ko da dara kawai suke bugawa a kurkukun roba, fim ɗin yakan tashi. Ga kuma Hugh Jackman a matsayin Wolverine, wanda aka kira a makare bayan Dougray Scott ya maƙale a aikin Mission: Impossible 2. Wolverine na littafi gajere ne kakkaura, Jackman dogo ne, amma ba wanda ya ƙara tayar da zancen bayan an ga fitowarsa ta farko yana dambe a keji a wata mashaya ta Kanada. A cikin mota yarinyar nan Rogue ta tambaye shi ko yana jin zafi in faratan ƙarfen suka tsago fatarsa, ya ce mata kowane lokaci. Gajeriyar magana ce, amma ta gaya maka ko wane ne shi.

Matsalarsa, kuɗin bai kai burin ba. Dala miliyan 75 aka kashe, kuma ana gani. Faɗan ƙarshe a kan mutum-mutumin 'yanci na New York ƙarami ne, hasken da injin Magneto ke fitarwa kuma aikin kwamfuta ne irin na wancan zamani, yau ko wasan waya ya fi shi kyau. Jarumai sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Abin ya fi yi mini ciwo a kan Storm. A littafi sunanta Ororo Munroe, mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta tashi marainiya a titunan Alƙahira, tana cikin manyan jarumai mata baƙaƙe na farko a komik. A fim an ba Halle Berry farin gashi da jimloli 'yan ƙalilan, shi ke nan. Wanda ya ji daɗin wannan ya wuce kai tsaye zuwa X2 na 2003, wanda ya fi shi ta kowane ɓangare, tun daga harin da Nightcrawler ya kai fadar White House a buɗewa. Kuma a lura, X-Men fim ne na magana. In Turancinka bai yi ƙarfi ba kuma babu fassara a ƙasan allo, rabin daɗinsa zai wuce ka, domin muhawarar ce naman. Superman da Spider-Man ko an kashe sauti za ka bi labarin.

Blade na 1998 ba na kowa ba ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Wesley Snipes ne, rabi mutum rabi mashayin jini, da takobi da baƙar doguwar riga. Shi ya fara nuna cewa jarumin Marvel zai iya kawo kuɗi, ya tara kimanin dala miliyan 131, kuma faɗansa ya fi na duk waɗanda na ambata, domin Snipes ya iya faɗa da gaske tun kafin fim. Amma fitowar farko gidan rawa ne da jini ke zubowa daga rufi kan masu rawa, ga ashar daga farko har ƙarshe. Na manya ne zalla, kuma dodon jinin da aka yi da kwamfuta a ƙarshe abin dariya ne yau.

Sai Spider-Man. Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi a 1962, kuma abin da ya bambanta shi da sauran tun daga takarda shi ne talaka ne. Superman baƙo ne daga wata duniya, Batman attajiri ne mai hadimi, 'yan X-Men suna da katafariyar makaranta da jirgin sama a ƙarƙashin filin ƙwallo. Peter Parker maraya ne a hannun baffansa Ben da matarsa May, a wani ƙaramin gida a unguwar Queens, kuma a farkon fim ɗin an sallami baffan daga aiki yana duba jarida neman wani. Darakta Sam Raimi ya gane cewa nan ne ƙarfin labarin yake. Da Peter ya samu baiwarsa bai tafi ceton kowa ba, gasar kokawa ya shiga don ya samu dala 3,000 ya sayi mota ya burge yarinya. Mai gasar ya ba shi dala 100 ya kore shi. Ɓarawo ya yi wa mai gasar fashi, ya biyo ta gaban Peter, shi kuwa ya matsa masa ya wuce don haushi. A daren nan aka harbe baffansa, kuma da Peter ya bi sawun maharbin sai ya tarar da ɓarawon nan da ya bari ya wuce. Sauran fim ɗin duka biyan bashin wannan matsawar ne.

Ya fito a watan Mayun 2002, watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, har sai da aka janye tallarsa ta farko saboda tagwayen benayen New York suna ciki. Shi ne fim na farko da ya tara sama da dala miliyan 100 a ƙarshen mako guda a Amurka, a duniya kuma ya haura miliyan 800. Willem Dafoe ya yi ƙoƙari a matsayin bos, Green Goblin, musamman inda yake gardama da kansa a gaban madubi, amma an rufe masa fuska da wani koren kwalkwali mai kama da abin wasan yara, alhali fuskar tasa ta fi kwalkwalin ban tsoro. Wuraren da Spider-Man ke tsalle a kan rufi kuma kana gani ka san zane ne, jikin ba shi da nauyi. An kuma sauya abu ɗaya daga littafi: a can Peter ne ya ƙera na'urar harba saƙa da basirarsa, a nan daga wuyan hannunsa take fitowa. J.K. Simmons a matsayin editan jarida mai masifa da rowa, shi kam kamar daga takardar aka yanko shi.

Kashi na biyu, na 2004, shi ne a ganina ya fi duk finafinan da ke cikin wannan rubutu. An buɗe da Peter yana aikin kai wa mutane abinci a kan babur, ya makara, aka kore shi. Mai gidan haya na tsare shi a matakala kullum yana tambayar kuɗi. Karatu na neman gagararsa, malami na yi masa kallon malalaci. Banki na shirin ƙwace gidan May, amma duk da haka ta cusa masa dala 20 a hannu ranar zagayowar haihuwarsa, ya ƙi karɓa, ta fashe da faɗa da kuka a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi daga hannun tsohuwar da ya san ta fi shi buƙata ba sai an fassara masa wannan fitowa ba. Daga baya ya zauna a teburin cin abinci ya gaya mata gaskiyar yadda Ben ya mutu, da hannunsa a ciki. Ba ta ce uffan ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta tashi, ta hau bene. A fim ɗin jarumai ne fa aka yi wannan.

Kuma bai gaza a faɗa ba. Alfred Molina ne Doctor Octopus, masanin kimiyya mai kirki wanda hannuwan ƙarfe huɗu suka manne a bayansa suka rinjayi hankalinsa. A wurare da yawa hannuwan na gaske ne, mutane ke motsa su daga gefe, shi ya sa suke da nauyi a ido, kuma fim ɗin ya ci Oscar a fannin dabarun hoto. Faɗan da aka yi a kan jirgin ƙasa mai gudu, har zuwa inda Peter ya tsaya a gaba ya tsayar da shi da jikinsa, fuska a buɗe, fasinjoji suka ɗauko shi a sume suka kwantar, wani ya ce ashe yaro ne, bai fi ɗansa ba, ban ga abin da ya kama ƙafarsa a finafinan da suka biyo baya ba, duk da kuɗin da ake zubawa yanzu. Aibinsa Mary Jane ce, yarinyar da Peter ke so: Kirsten Dunst ta iya wasa, amma aikin da aka ba ta bai wuce a sace ta tana ihu ba, sau da sau.

In aka jera su ta fuskar tsufa, wani abin mamaki yakan fito. Ba mafi daɗewa ne ya fi tsufa ba. Tashin Reeve, da wayoyi da dabarar haska hoto a bayansa aka yi shi, wani wurin kana ganin alamar haɗi, amma mutum ne na gaske yake karkata jiki kamar mai tuƙa iska. Gotham katako ne da fenti da ƙananan gine-gine na gwaji. Waɗannan sun riƙe mutuncinsu. Abin da ya lalace shi ne aikin kwamfuta na 1998 zuwa 2002, lokacin da aka fara yarda da ita alhali ba ta gama ƙwarewa ba.

Saura maganar wanda zai zauna kusa da kai. In da yara ko iyaye a ɗakin, Superman ne ya fi sauƙi, ba jini, ba ashar, sai 'yar hirar Lois da shi a baranda mai ɗan kauce hanya da shigar budurwar Luthor. Spider-Man na farko yana da sumbar nan ta cikin ruwan sama da ta yi suna, a riƙe rimot a hannu, kuma dukan da Goblin ya yi masa a ƙarshe akwai jini. A na biyu, wurin da hannuwan ƙarfe suka karkashe likitoci a ɗakin tiyata zai firgita ƙaramin yaro, domin Raimi daga finafinan tsoro ya fito kuma a nan ya tuna da sana'arsa. X-Men yana da Mystique, wadda shuɗin fenti ne kawai a jikinta, kuma fitowarta ba ɗaya ba ce balle a tsallake. Batman ba na yara ba ne: Joker ya gaisa da mutum ya ƙone shi ƙurmus a kan kujera, kuma a Birtaniya shi ne fim na farko da aka sa wa alamar hana 'yan ƙasa da shekara 12.

Saboda haka in dare ɗaya gare ka kuma kai kaɗai ne ko da abokai, kunna Spider-Man na 2004. Ko ba ka ga na farko ba, zanen da aka yi a farkonsa lokacin da sunaye ke wucewa zai ba ka labarin a taƙaice, ko da yake maganar Ben ta fi shiga jiki in ka fara da na 2002. In zaman iyali ne na ranar hutu, Superman. In kai mai son a gama fim a zauna musu ne, X-Men da X2 a jere. Batman kuwa na wanda ke kallon fim don ido ne da kunne, wanda gini da haske da kiɗan Danny Elfman suka fi damunsa a kan labari. In ya yi maka, Batman Returns na 1992 ya fi shi duhu da ban mamaki, har iyaye a Amurka suka yi ta ƙorafi. Daga nan ka tsaya. Batman & Robin na 1997, wanda George Clooney da Arnold Schwarzenegger suka fito a ciki, shi ya kashe jerin har sai da Christopher Nolan ya farfaɗo da shi a 2005. Superman III da IV ma a bar su inda suke.

Wajen nema a duba tsawon fim ɗin kafin a sauke. Superman na 1978 yana yawo iri uku: na majigi mai minti 143, wani mai minti 151, da na talabijin mai haura awa uku. Na farkon za ka ɗauka, sauran ƙari ne a kan fim ɗin da dama can ba ya sauri. Superman II ma iri biyu ne, saboda an sallami Donner bayan ya ɗauki kaso mai yawa, Richard Lester ya ƙarasa shi aka fitar a 1980, sannan a 2006 aka harhaɗa na Donner daga abin da ya rage. Masoya da yawa sun fi son na Donner don ya dawo da Brando kuma ya rage shirme, amma akwai wurin da hoton gwajin 'yan wasa aka saka don cike gurbi, kuma ya ƙare da wannan juya lokacin da ka riga ka gani a kashi na farko. Fara da na Lester. Terence Stamp a matsayin Janar Zod yana cikin duka biyun, kuma shi ne bos ɗin da kashi na farko ya rasa.